Agogon Baba mai shuɗin baya: a kai shi sikeli ko a dakata?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu, a cikin akwatinsa muka tarar da wani agogon aljihu da ya gada wurin kakanmu. An ce kakan ya sayo shi ne a hanyar Makka, zamanin da ake tafiya ta ƙasa. Bayansa shuɗi ne mai ƙyalli, a tsakiya akwai zanen teku da jiragen ruwa, gefe kuma furanni. Lambobin fuskarsa sun yi kama da na Larabci, kuma da ɗan mabuɗi ake yi masa wani. Gefe ɗaya ya ɗan ɓantare. Wani maƙerin zinariya ya ɗora shi a sikeli ya yi mana tayi bisa nauyi. Shin fenti ne a jikinsa, za a iya sake shafawa? Mu sayar a raba kuɗin, ko kuwa?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashinsa. Malam, kafin komai ka karɓo agogon nan daga hannun mai sikeli. Ban ce cutarku zai yi ba, sana'arsa ce auna zinariya, kuma abin da ya sani ya taya. Sai dai idan bayanin da ka yi daidai ne, abin da ya fi tsada a jikin agogon shi ne wanda zai fara farfasawa ya zubar kafin ya kunna wuta.

Abin da kake gani ba fenti ba ne. Gilashi ne aka niƙa, aka shimfiɗa a kan ƙarfe, aka gasa har ya narke ya kama. Turawa na kiransa inamel, Larabawa kuma mina. Kai ma ka san shi tun kana yaro, sunan ne kawai baƙo. Ka tuna langa da samira da fanteka na jeren iyayenmu mata? Idan langa ta faɗi, wurin da ya bugu yakan ɓare ya bar baƙin ƙarfe a fili, kuma ba ka taɓa ganin wanda ya iya mayar da shi ba. To jinsinsu ɗaya da bayan agogonku. Bambancin shi ne langa a masana'anta ake tsoma ta dubu-dubu a kan baƙin ƙarfe, wannan kuwa mutum ɗaya ne ya duƙufa a kansa makonni, a kan zinariya, da burushin da bakinsa bai wuce 'yan silin gashi ba.

Bari in bi da kai yadda ake aikin, don sai ka san shi za ka gane dalilin da ya sa ba a sakewa. Ana samun gilashin ne dunƙule-dunƙule, kowane da launinsa, kuma launin daga ma'adinai yake fitowa. Kobal ke ba da shuɗi irin na agogonku, jan ƙarfe ya ba da kore, kuza ta ba da fari mai toshe haske, ja da ruwan hoda kuwa daga zinariya kanta ake samunsu, shi ya sa suka fi tsada kuma suka fi saurin lalacewa a wuta. Mai aikin zai sa gutsuren gilashin a ɗan turmin dutse da ruwa ya yi ta niƙa har ya koma kamar lallausan rairayi, sannan ya yi ta wankewa yana tsiyaye ruwan har sai ya fito garau. Ƙura ɗaya tak idan ta saura za ta zama baƙin ɗigo na har abada. Daga nan ya ɗebi jiƙaƙƙen garin da tsinken gashin tsuntsu ya jera a kan murfin, ya bari ya bushe, ya tura cikin tanda mai zafin kusan digiri 800. Minti ɗaya ne ko 'yan mintuna. Yana leƙe yana kallon garin: da farko kamar sukari, sai ya yi ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemu, sai kwatsam ya kwanta ya yi sheƙi. A wannan ƙiftawar ake zaro shi. Mutanen da ba su da ma'aunin zafi, da launin cikin tandar suke gane lokaci, kamar yadda mai tuyar ƙosai ke sanin mai ya yi ba tare da ta sa yatsa ba.

Ka buɗe murfin ka duba cikinsa. Sau da yawa za ka tarar can ma an shafa gilashin, ko da launi ɗaya ne ba ado. Dalili shi ne ƙarfe da gilashi ba sa miƙewa da tsukewa daidai idan sun sha wuta, to in gefe ɗaya kawai aka rufe, murfin zai lanƙwashe, gilashin ya tsage. Na cikin shi ke riƙe na waje.

Yanzu ka ɗauki agogon ka je bakin taga, ka karkata shi sannu a hankali. Idan a ƙarƙashin shuɗin ka ga wasu sirarran layuka suna motsi kamar igiyar ruwa ko hasken rana mai bazuwa, wannan shi ake kira giyoshe. Kafin a zuba gilashi an sassaƙa zinariyar da wata na'ura da ake juyawa da hannu, layi bayan layi, sannan aka rufe da gilashi mai bari haske ya ratsa. Hasken yana shiga ya bugi sassaƙar ya dawo, shi ya sa shuɗin ke da zurfi kamar ka sa hannu. A ƙarshen ƙarni na 18 wannan salo ya bazu a kan agoguna. Furannin gefe kuwa galibi ƙwaƙule zinariyar ake yi a bar 'yan ramuka a cike su da launi, sunan wannan shamlabe. Akwai ɗan'uwansa, kulwazone, inda ake lanƙwasa siririyar wayar zinariya a yi shinge da ita, a cike kowane gida da launinsa. Wani lokaci kuma za ka ga 'yan taurari ko ganyayyaki na zinariya a nutse cikin gilashin, an yanko su ne daga fallen zinariya an jera ɗaya bayan ɗaya da bakin tsinke.

Duk waɗannan ado ne. Gwanintar tana tsakiya, wurin tekun nan da jiragen. Can an fara shimfiɗa farin gilashi sau biyu ko uku, an goge shi ya yi sumul, sannan mai zane ya kwaɓa garin launi da mai ya fara aiki. Wahalar ita ce launin da yake gani a bakin burushi ba shi zai fito daga wuta ba, don haka yana zane ne da abin da ya haddace, yana duba 'yan fallayen gwaji da ya gasa tun da farko. Kuma ba a zanawa a gama lokaci guda. Launuka masu jure wuta su ake fara sawa a gasa, a dawo a ƙara wasu a sake gasawa, ja da ruwan hoda su zo a ƙarshe. Zane ɗaya yakan shiga tanda sau goma ko fiye, kuma kowace shiga tana iya kashe aikin baya gaba ɗaya. Ni dai duk lokacin da na sa madubi a ido na ga igiyoyin jirgin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kowace a miƙe, sai in tuna cewa wanda ya ja su da hasken taga ya yi aiki.

Me ya sa aka zuba wannan wahala a kan agogo? A farkon al'amari agogon aljihu ba abin dogaro ba ne. Kafin Christiaan Huygens, masani ɗan ƙasar Holan, ya fito da siririyar naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ke daidaita bugun agogo a 1675, agogo yakan yi gaba ko baya da kwatan awa ko fiye a yini, da yawansu ma tsinken awa kaɗai gare su. Abin ƙawa ne na sarakuna da attajirai, to sai ƙoƙari ya koma kan gidan agogon. A Faransa, wajajen 1630, wani maƙerin zinariya mai suna Jean Toutin na garin Châteaudun ya shahara da dabarar zane da launuka a kan farin inamel, garin Blois kuma ya zama cibiyar irin waɗannan agoguna. Daga baya sana'ar ta tare a Jeneba ta ƙasar Suwizalan, kuma addini ne ya kai ta. Tun zamanin John Calvin, jagoran Kiristoci 'yan Furotesta, daga 1541, hukumar birnin ta matsa wa kayan ƙyale-ƙyale, maƙeran zinariya suka karkata ga agogo tunda shi ana iya cewa kayan amfani ne. Sannan masu sana'a 'yan Furotesta suka yi ta gudowa daga Faransa, musamman bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ke kare su a 1685. Gidan Huaud na daga cikin waɗanda asalinsu Faransa ne, biyu daga 'ya'yan gidan, Jean-Pierre da Ami, har fadar Balin ta Jamus aka ɗauke su aiki a 1686, kuma agogunan da suka sa wa hannu suna cikin manyan gidajen tarihi a yau.

Mutanen Jeneba sun ƙara abu ɗaya a rabin ƙarshe na ƙarni na 18, wanda nake zaton shi ya sa zanen agogonku ya kawo yau. Bayan an gama zane sai su rufe shi da gilashi marar launi, su gasa, su goge. Suna kiransa fondan. Zanen da aka yi kafin wannan dabara a fili yake, aljihu da yatsu sun cinye da yawansu. Wanda ke ƙarƙashin fondan kuwa ko bayan shekara 200 launinsa na nan kamar jiya aka gama, don gilashi ba ya koɗewa a rana.

Kada ka ɗauka mutum ɗaya ne ya yi agogon. Kamar babbar riga ce: masaƙi daban, marini daban, mabugi daban, mai aikin wuya daban. A unguwar Saint-Gervais ta Jeneba, a ɗakunan saman bene masu tagogi jere, akwai mai ƙera gida, mai sassaƙa, mai giyoshe, mai zuba gilashi, mai zane, mai dasa lu'ulu'u, inji kuma wataƙila daga wani gari cikin tsaunuka ya zo. Masu zanen kaɗan ne suka sa sunansu. An san irin su Jean-Louis Richter, wanda ya yi fice a zanen tafkuna da gaɓar teku, amma yawancinsu sun tafi ba a san su ba.

Lambobin da ka ce sun yi kama da na Larabci su ne babbar shaida. Irin wannan agogo an yi shi ne don kasuwar Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Sakkwato ba, don sunan yakan rikita mutane). Lambobin Larabci ne aka ja su da salon da ya dace da kewayen fuska, biyar kamar ɗan zobe, sifirin goma kuma ɗigo. Masu agogo na Landan irin su Markwick Markham da George Prior da Edward Prior sun yi ta aika kaya Santambul, mutanen Jeneba ma suna da 'yan'uwansu zaune a can suna saye da sayarwa da gyara. Mahaifin masanin nan Jean-Jacques Rousseau ma ya yi shekaru yana gyaran agogo a birnin. Sun karanci masu sayensu sarai: a agogon da za a sayar a Turai za ka ga hoton mata da tatsuniyoyin Girkawa, na Turkiyya kuwa galibi furanni ne da gaɓar teku da jiragen ruwa da hasumiyoyi. Tekun da ke bayan naku wataƙila mashigin Bosforus na Santambul ake nufi, ko da mai zanen bai taɓa ganinsa ba, daga hoton bugu ya kwafa. Mai irin wannan agogo a da kullum da magariba yake mayar da tsinke kan 12, don a lissafinsu faɗuwar rana ce farkon yini. Turkiyya ta bar wannan lissafi daga farkon 1926, a Hijaz kuwa ya daɗe bayan haka. Tun da Makka da Madina da Masar duk sun zauna ƙarƙashin Turkawa, ba abin mamaki ba ne irin wannan kaya ya faɗo hannun alhajin da ya bi ta Sudan.

  

Sai dai ka yi hattara da sunan da za ka gani a rubuce. An yi jabun sunayen Landan ba adadi, an kuma ci gaba da buga wasu bayan masu su sun daɗe da mutuwa. Sunan Breguet, shahararren mai agogo na Faransa, ya fi kowane shan wannan, yawancin tsofaffin agogunan da ke ɗauke da shi ba su taɓa shiga shagonsa ba. Mabuɗin wani ma ba ya yanke shekaru. An ƙirƙiro wani ta kan agogo tun shekarun 1840, amma an ci gaba da yin masu mabuɗi har ƙarshen ƙarnin, musamman don kasuwannin gabas. Abin da ya fi suna gaskiya shi ne 'yan tambarin da aka buga a cikin murfi. 18K ko 0.750 na nufin kashi uku cikin huɗu zinariya ce, 14K ko 0.585 ta fi ƙasa, 0.800 ko 0.935 kuwa azurfa ce. Idan ka ga ɗan kan mace kusa da 18K, ko kurege kusa da 14K, tambarin gwamnatin Suwizalan ne da aka fara bugawa a farkon shekarun 1880, ka ga agogon bai girmi wannan lokaci ba. Zaki mai tafiya azurfar Ingila ce, kan damisa kuma Landan. Rashin tambari ba ya nufin jabu, tsofaffin na Jeneba da yawa harufan maƙeri da lamba kawai gare su.

Ka nemi madubin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10 ka duba zanen. Aikin hannu za ka ga ɗige-ɗige da ja-in-layi marasa daidaito, wani ya fi wani kauri. Idan ka ga ɗigo jere reras kamar hoton jarida, bugu ne aka manna. Ka duba wurin da ya ɓantare: gilashi na gaske yana fashewa ne kamar bakin kwalba, da kaifi da sheƙi, kuma za ka hango sassaƙar zinariya a ƙasa. Sannan ka kai shi ɗaki mai duhu ka haska shi da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi. Inda aka taɓa yin ciko yakan yi haske daban da sauran.

Batun gyara kuwa, amsar ita ce a'a, ba a sake shafawa. Mayar da tsohon murfi cikin wuta kasada ce da ƙwararru ma ke gudu: datti da maiƙon da suka shige tsagar za su tafaso, jan launi ya ƙone, lahamin da ya riƙe hinji ya narke. Abin da masu gyaran kayan tarihi ke yi shi ne cike gurbin da wani ƙaro mai launi ba tare da wuta ba, kuma mai gaskiya yakan faɗa wa mai saye. Ɓantarewa a gefe tana rage kuɗi, amma mummunan gyara ya fi ta ragewa nesa ba kusa ba. Don haka kada a ɗiga masa gam, kada a shafa jan farce wai don a toshe, kada a goge shi da toka da lemun tsami ko man goge tagulla, kada kuma a bari wani ya jefa shi cikin injin wanke sarƙa mai girgiza ruwa, don yana iya zazzage gilashin da ya riga ya tsage. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Ku daina yi masa wani ma. Man cikinsa ya bushe tuntuni, kuma idan irin mai 'yar sarƙa ne a ciki, wadda ta yi kama da ta keke amma siririya kamar zare, juyi ɗaya na ƙarfi zai tsinka ta. Mai gyaran agogon batir na bakin kasuwa, duk kirkinsa, ba aikinsa ba ne.

Mu koma kan sikeli. Nauyin da kuka gani yawancinsa inji ne, tagulla da baƙin ƙarfe, sai gilashin fuska da shi kansa inamel ɗin. Zinariyar murfin sirirya ce, wani lokaci ma murfin ciki ba zinariya ba ne. Idan maƙeri ya cire duk wannan, abin da zai saura bai taka kara ya karya ba. Kamar a warware aikin riga aska takwas ne a sayar da zaren. Haka aka yi asarar agoguna masu yawa a duniya duk lokacin da zinariya ta yi tashin gwauron zabo, kamar a Janairun 1980 da ta kai dala 850 kowane oza. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini inji tsirara a ƙulle cikin hankici. 'Yan'uwansa sun sayar da gidan an narke, shi kuma daga baya abin ya dame shi, yana so in nemo masa wani gidan. Injin lafiyayye ne, da na taɓa shi da tsinke har ya ɗan buga. Amma irin waɗannan kowane inji da gidan da aka auna masa, ramin mabuɗi ma ba ya faɗawa wuri ɗaya. Haka ya ƙulle abinsa ya tafi.

Ban ce kun tsinci dami a kala ba. Cikin irin waɗannan akwai na sarakuna, akwai na tsaka-tsaki da aka yi da yawa, kuma tazarar kuɗinsu babba ce. Ingancin zanen, lafiyar gilashin, da kasancewar inji da gida tare suka taso, su ke yanke farashi. Amma ko na tsaka-tsakin ne, muddin zanen hannu ne kuma tsakiyarsa ba ta tsage ba, ya cancanci a kimanta shi a matsayin agogo kafin a kimanta shi a matsayin ƙarfe.

Tunda gado ne, ga abin da nake ba ku shawara. Ku rubuta tayin maƙerin ku ajiye, shi ne mafi ƙarancin abin da za ku karɓa. Ku ɗauki hotuna da rana a inuwa, ba da hasken waya ba: gaba, baya, gefen da ya ɓantare, cikin kowane murfi inda tambari yake, da injin idan ya buɗu da farce ba tare da an sa wuƙa ba. Ku sa rula a gefe don a ga girmansa. Manyan gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's da Antiquorum suna karɓar hotuna ta intanet su faɗi kimarsu, kuma tambaya ba ta wajabta muku sayarwa. Idan kun sami kima biyu ko uku, sai ku kai wa malamin da ke raba muku gado, wanda ke son riƙe kayan kakansa a cikinku ya biya sauran rabonsu. Hukuncin namiji ya yi amfani da agogon zinariya ma a wurin malamin za ku ji shi.

Kafin nan, ku naɗe shi a tsohon farin ƙyalle na auduga, ku sa a ƙaramin akwati shi kaɗai, kada ya gogi sarƙa ko tsabar kuɗi. Kada a bar shi cikin mota da rana ko kusa da taga lokacin hunturu. In za a rufe murfin, a danna ɗan maɓallin a kwantar da shi a hankali sannan a saki, don yawancin ɓantarewar gefen da nake gani daga rufewa da ƙarfi ne. Mabuɗin kuma ku ɗaure shi da zare a jikin akwatin, ba a jikin agogon ba.